Faifai Uku a Kaset Ɗaya

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ranar da na tara mutanen kirki a ɗaki ɗaya na sa suka kalli Indiyawa suna kuka a guje. Har yau idan na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aiki a asibitin mishan da ke yankinmu na Madawa. Aikina na gaskiya shi ne canja ƙwan lantarki, da ɗaure fanka, da riƙe tsani idan babban mai gyara ya hau. Amma a unguwar ma'aikata sunana Teknisiye. Na samo sunan ne ranar da rediyon matar fasto ta ƙi magana. Na buɗe bayanta na ga batir aka sa a juye, na juya shi, sannan na ɓata rabin awa ina kwance kusoshi ina mayarwa don kada a ga aikin ya yi sauƙi. Tun daga ranar nake yawo da sukudireba a aljihun gaban riga, inda masu ilimi suke maƙala alƙalamin bik.

A lokacin ina neman Hannatu, mai aiki a ɗakin magani, 'yar Baba Ishaya direban asibiti. Shekara ɗaya da rabi ina zarya. Tsohon bai kore ni ba, bai kuma ce in turo manya ba. Kullum na durƙusa gaishe shi sai ya dubi sukudirebar nan ya ce, "Teknisiye, ina aiki?" da wata irin murya da ban taɓa gane ko yabo ce ko ba'a ba.

Kowa a unguwar ya san labarin Baba Ishaya da fim ɗinsa. Shekara ashirin da huɗu kafin nan ya kai matarsa, Mama Rifkatu, silima a Tawa, tana da tsohon ciki. Fim ɗin Indiya ne, na wani mutum da ambaliya ta tafi da matarsa, ya yi shekaru yana nemanta. Ana cikin kallo, mutumin ya shiga kwalekwale ya nufi wani gida a bakin ruwa inda ya jiyo wata mace tana waƙa, sai naƙuda ta taso wa Mama. Suka fita ba shiri, aka haifi Hannatu. Daga nan gardama ta zauna a gidan. Mama ta ce matarsa ce mai waƙar, Baba ya ce ina, Indiyawa ba sa tashi sai sun kashe wani. Ba su san sunan fim ɗin ba. Baba ya sayo mata tsohon manyeto, wato na'urar kallon kaset, irin mai buɗewa ta sama wanda sai mutum biyu ke ɗauka. Ya bi masu sayar da kaset na Ƙonni da na Sakkwato yana rera musu waƙar da hanci, suna ba shi wasu finafinan dabam. Har Mama ta rasu, shekara biyu kafin wannan labari, ba a raba gardamar ba.

To, sai ga wani likita ɗan Indiya ya zo aikin 'yan watanni. Ran Laraba ta makonsa na ƙarshe Baba yana tuƙa shi yana rera waƙar nan tasa, sai likita ya kama ya ƙarasa masa ita. Ashe yana da fim ɗin a gida, a kan faifan sidi guda uku. Ya ce Baba ya zo ya kalla, Baba ya ƙi. Da yamma ya aiko aka kira ni.

"Teknisiye," in ji shi, "lokotoron ga shina tahiya Jumma'a da kayanai duka. Ni ko ba ni kallon fim ɗin ga gidan kowa. Gidana, bisa manyeton Rifkatu, ran Lahadi bayan sujada, ɗiyana na zamne. Kana iya zuba mani shi cikin kaset?"

Ban taɓa riƙe faifan sidi ba a rayuwata. (A zatona ma idan gefe ɗaya ya ƙare juya shi ake yi, kamar na garmaho.) Amma Hannatu tana bakin murhu tana jin mu.

Na ce, "Baba, wanga ai ƙaramin aiki na."

Ya shiga ɗaki ya fito da sababbin kaset guda biyu a ledarsu ya miƙo mini. Ya ce abu ɗaya: in na ga ƙarshen, in riƙe bakina.

Ran Alhamis da sassafe na isa gidan likita. Shi ya haɗa wayoyin da kansa, daga na'urar faifai zuwa sabon manyetonsa, ni kuwa na tsaya a bayansa ina gyaɗa kai kamar wanda aka turo duba aikin. Ya nuna mini inda zan danna, ya tafi asibiti. Kwafin fim a wancan zamani zama ne: yadda fim yake tafiya haka kaset yake ɗauka, ba tsallake. Na zauna awa uku cur, ina canja faifai idan ya ƙare. Ana cikin faifai na uku, mutumin ya shiga kwalekwale, macen ta fara waƙa, sai na ji ƙwas! Kaset ya cika, ya kama komawa baya da kansa. Na duba kwalinsa, awa uku yake ɗauka. Fim ɗin kuwa awa uku ne da minti ashirin. Wato daidai inda naƙuda ta tsayar da Baba, nan kaset ma ya tsaya, kamar da gayya.

Da rana Hannatu ta kawo mini fura ta tarar na yi tagumi. Na yi mata bayani da manyan kalmomi. Ta saurara har na gama.

"To mi ab abin damuwa?" ta ce. "Ba kaset biyu Baba ya ba ka ba? Ƙarasa sauran cikin na biyu."

Ya kamata a nan in ce na gode, in sha furata. Maimakon haka sai na yi wata 'yar dariya ta hanci, na ce, "Hannatu, wanga ba aikin ƙirgar ƙwaya ba na." (Allah ya sani, da za a mayar da ni wannan minti, da ludayin furar zan toshe bakina.) A raina cewa nake kowane gara zai iya zuba fim a kaset biyu. Teknisiye kuwa a ɗaya zai zuba, ya mayar wa tsoho da ɗayan a ledarsa, tsoho ya san irin surukin da yake ja wa rai. Na ce ko in yanke waƙoƙin, tunda su suka cinye lokaci. Ta ce waƙoƙin su ne abin da Mama take so, in na taɓa ko ɗaya kada in sake bi ta ƙofar gidansu. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ina ta lalube a gaban manyeton sai na ga wani ɗan maɓalli, an rubuta SP a gefe ɗaya, LP a ɗaya gefen. Da likita ya dawo cin abinci na tambaye shi. Ya yi mini bayani da gurguwar Faransancinsa, na fahimta da tawa gurguwar: idan aka tura shi LP, zaren kaset yana rage tafiya da rabi, sai a matse awa shida a cikin kaset na awa uku. Sai ya ɗaga yatsa ya fara wata magana da "amma". Ban bari ya kai ko'ina ba. Na ce na gane, na gane, mun saba irin wannan.

Na tura maɓalli, na sake ɗauka a kan kaset na farkon. Kafin magariba fim ya shige tsaf, har da rara. Na mayar da shi baya na gwada a manyeton likita. Hoton ya ɗan dushe kaɗan, amma ga mutane suna tafiya, ga waƙa tana tashi lafiya lau. Na ga ƙarshen, har na ɗan share ido. Na zaro bik na rubuta a jikin kaset da manyan baƙaƙe, FAIFAI 3, KASET 1, LP, na ja layi biyu a ƙasa.

Da na kai wa Baba, na haɗa masa da ɗayan kaset ɗin, sabo fil, ko ledar ban huda ba. Ya juya shi a hannu.

"Ka tabbata duka ya shiga?"

"Baba, da za ka ba ni wani fim ɗin ma sai in ƙara mai bisa."

Ya ɗora sabon kaset ɗin a kan talabijin. Na daɗe ina gaya wa mutane wai Baba ne ya hana a gwada kafin Lahadi. Ƙarya nake yi, ban ma tambaya ba. Ran Jumma'a likita ya kama hanyar Yamai da faya-fayansa da na'urorinsa duka biyu.

Lahadi bayan sujada ɗakin Baba ya cika. 'Ya'yansa sun zo, har babban da ke aiki a Buza. 'Yan zumuntar mata, ƙawayen Mama, sun jeru da zannuwansu iri ɗaya. Malam Mamman, tsohon aminin Baba, manomin gero daga Bangi, ya yi sallar azahar a tsakar gida ya shigo da tasbaharsa da ƙullin gujiya. Shi dama tun farko ɓangaren Mama yake a gardamar. Aka rufe tagogi da barguna. Kujerar Mama tana gaba, kusa da ta Baba, ba wanda ya zauna a kai. Fasto ya yi addu'a, ya gode wa Ubangiji saboda hikimar da ya ba samarinmu, ni kuwa na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u ina leƙen Hannatu ta ƙasan ido. Har wani ɗan jawabi na yi, yadda na matse faifai uku a kaset ɗaya, aikin da ko a Yamai ba kowa ke iyawa ba. Aka tafa mini. Na sa kaset, na danne murfin, na danna.

Abin da ya fara fitowa layuka ne, suna hawa suna sauka. Launi ya gudu, ya bar fari da baƙi. Sai ga mutane a bayan layukan, kowa a guje. Mai shara a guje, mai addu'a a guje, wata tsohuwa mai sanda ta keta tsakar gida kamar an sako mata kare. Da suka buɗe baki kuwa, muryar 'yan tsaki ce, tsiu-tsiu-tsiu, har da babban mugun mai gashin baki.

Sai Malam Mamman ya gyara hula ya ce, "Ishaya, hala mutanen ga hadari ya taso masu, gero na shanye waje?"

Wata daga cikin 'yan zumunta ta tura bakin zane a baki. Ni kuwa gumi ya karyo mini tun daga tsakar kai. Na tsayar da kaset na ce kuran ne ya yi yawa, wato wutar lantarki, a kashe fanka da firji. (Yadda kashe fanka zai rage yawan wuta, kada ka tambaye ni. A lokacin ma ban sani ba.) Aka kashe, zafi ya rufe mu, na danna, Indiyawa suka ci gaba da gudu. Na murɗa ɗan ƙarfen daidaita hoto dama, na murɗa hagu, layuka suka ƙaru. Na fitar da kaset na hure shi, na bubbuga shi a tafin hannu. Na zaro sukudireba, ranar da na daɗe ina jira ta zo, na kwance murfin manyeton Mama a gaban 'ya'yanta, na nemi auduga da alkol ɗin wanke ciwo na goge duk abin da ya yi ƙyalli a ciki. Na mayar, kusa ɗaya ta yi saura, na sa ta a aljihu a ɓoye. Na danna. Ambaliya ta zo ta tafi da matar kafin mutum ya ce wayyo.

Daga nan borin kunya ya kama ni sosai. Na juyo na fuskanci jama'a na ce matsalar ta tsarin hoto ce, na Indiya dabam, namu na ƙasashen Faransa dabam. Da na ga ba wanda ya motsa, sai na faɗi abin da ya fi komai muni. Na ce gaskiya manyeton ne ya tsufa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hannatu, sa kaset na mawaƙan majami'a."

Ta sa. Ga mawaƙa tsaye da launinsu, suna rera waƙa a natse, har ga Mama Rifkatu a layi na biyu tana tafi. Manyeto lafiyarsa ƙalau. Hannatu ta fitar, ta ɗauki nawa kaset ɗin ta karanta rubutun da na ja wa layi biyu. Ta durƙusa gaban manyeton ta bi maɓallansa da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," ta ce, "na Mama ba shi da wanga LP ɗin. Tahiya guda ya sani. Na lokotoro ya ɗauka da rabin tahiya, wanga ko shina jan shi da cikakka."

Ashe "amma" ɗin likita ke nan. Mai ƙirgar ƙwaya ta gano shi cikin minti ɗaya. Ba ta ce na faɗa maka ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ido kawai ta ɗaga ta dubi saman talabijin, kowa ya bi idonta, ga sabon kaset yana ƙyalli a ledarsa. Faya-fayan kuwa suna Yamai, ko ma sun hau jirgi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi kunyar ciwo shi ne fuskar tsohon. Shekara ashirin da huɗu yana jira, ya miƙa mini abin a hannu, ni kuma na lalata shi don in burge.

Na buɗe baki in ce ko za a ɗaga zuwa wani mako in nemo wani manyeton. Baba ya girgiza kai.

"Maida shi," ya ce. "Na ce yau, bisa na Rifkatu. Su yi gudunsu, muna biye."

Haka aka kalli fim ɗin. Da farko mutane suna danne dariya saboda Baba, amma da aka zo wurin jana'izar wani tsoho, masu makara suka zuba a guje suna tsiu-tsiu, fasto da kansa ya fashe, shi ke nan ɗaki ya rikice. 'Yan zumunta suna riƙe ciki suna share hawaye. Malam Mamman ya ce da zai samu mutum uku irin waɗannan da ya gama noman Bangi kafin hantsi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, duk dariyar da aka yi a ƙirjina take sauka. Sau uku ina niyyar sulalewa. Abin da ya hana ni, takalmana suna ƙarƙashin gefen tabarmar da Malam Mamman ya zauna a kai, kuma ban ga yadda zan keta unguwa da rigar Lahadi ba takalmi ba.

Sai ga kwalekwale. Baba ya ɗaga hannu, dariya ta ɗauke. Mutumin ya tuƙa kamar an sa masa inji, macen tana tsiu-tsiu a cikin gida. Iska ta taso, kwalekwale ya kife, mutumin ya nutse, Baba ya ce "Ahaf!" ya buga cinya. Kafin ya rufe baki mutumin ya ɓullo, ya yi iyo, ya haye tudu, ya banke ƙofa. Macen ta juyo. Duk da layuka, duk da ba launi, kowa ya gane ta.

Ba wanda ya yi dariya, ko da suka rungume juna suna kukan 'yan tsaki. Baba ya daɗe yana kallon talabijin har rubutun ƙarshe ya wuce fuu. Sannan ya juya ya dubi kujerar da ba kowa.

"Ita ta," ya ce. "Rifkatu, kin kada ni."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Kuma kin gani, yau ma da gaugawa. Mu da fim ɗin ga, ba a rubuta mu gan shi cikin natsuwa ba."

Hannatu ta fita waje da sauri. Ni ma sai na rasa inda zan sa idona.

Bayan la'asar, ana naɗe tabarmi, na samu takalmana na kama hanyar zaure a sace. Baba ya kira ni. Na durƙusa ina jiran a ce kada a sake ganina. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi kusar manyeton matarsa da ke aljihuna. Na ba shi. Ya daɗe yana dubana.

"Turo manyanka," ya ce. "Wanda ya sha kunya irin wagga ya tsaya bai gudu ba, shina iya zaman aure. Amma ka ji ni da kyau: in ta ce maka biyu, ka yi biyu."

(Ban taɓa gaya masa zancen takalmin ba har ya koma ga Ubangiji.)

Bayan wata biyu na samo aron manyeto mai LP a Madawa, na ɗauko shi a ka har gida. Baba ya ce in mayar, ya riga ya ga abin da yake son gani. Sunan Teknisiye kuwa a ranar ya mutu, unguwa ta koma kirana Elpi, kuma akwai tsofaffin da har gobe ba su san ina da wani suna ba.

Na koyi cewa abin da za a kunna a gidan wani, a gidan ake gwada shi, kuma mai ɗaga yatsa ya ce "amma" a bar shi ya ƙarasa. Sauran darasin yana hannun Hannatu. Ranar da aka kawo ta, cikin kayanta har da sabon kaset ɗin nan, a ledarsa. Yana saman kabad ɗinmu har yanzu. Duk ran da na gyara murya na fara yi mata bayanin abin da ban sani ba, ido kawai take ɗagawa ta dubi saman kabad, ni kuma sai in tambaye ta yaya take ganin ya kamata a yi.